Otal Ɗin Stanley da Ɗaki Mai Lamba 217

A shekarar 1903 tarin fuka ya kwantar da Freelan Oscar Stanley, attajirin da shi da ɗan tagwaicinsa suka ƙera motar Stanley Steamer mai aiki da tururi. Ya tattara ya nufi Estes Park, cikin duwatsun jihar Colorado a Amurka, neman busasshiyar iska. Allah ya ba shi lafiya, har ya kai shekara 91. Wurin ya kwanta masa a rai, sai ya gina katafaren otal, aka buɗe shi a 1909 domin masu hannu da shuni. Ba a sa masa na'urar ɗumama ɗaki ba, saboda haka da hunturu ya kama sai a garƙame ƙofofi.

Wannan rufewar ce ta jawo masa sunan da yake da shi yau. A kakar 1974 marubuci Stephen King da matarsa Tabitha suka sauka ana shirin kullewa, babu wani baƙo sai su. Aka ba su ɗaki mai lamba 217. Cikin dare King ya yi mafarkin ɗansa mai shekara uku yana gudu a dogayen barandun otal ɗin yana kururuwa, mesar kashe gobara na biye da shi. Daga nan littafin The Shining ya samo asali, ya fito a 1977.

Fim ɗin Stanley Kubrick na 1980 ya kai labarin ko'ina. A fim ɗin, Danny yaro ne shi kaɗai, ba wa ba ƙani, ƙanƙara ta rufe hanya, yana ta zagaya barandun otal a kan kekensa mai ƙafa uku. Kyamara na binsa dab da ƙasa: ƙarar taya a kan katako, shiru a kan darduma, sai ƙarar ta dawo. Fatalwa na nan, amma abin da ya fi tayar da hankali sirrin gidan ne. Uban ya taɓa ji wa yaron ciwo cikin maye, uwar kuma tana ta rufa masa asiri. Duk yaron da ya tashi a gidan da ake ɓoye irin wannan ya san tsoron.

Kubrick bai ɗauki komai a otal ɗin Stanley ba. Wajen ginin na Timberline Lodge ne a jihar Oregon, cikin kuwa a situdiyon Elstree na Ingila aka gina shi. Masu Timberline suka roƙi a canza lambar ɗakin don kada baƙi su ƙaurace masa, aka mayar da ita 237. Fim ɗin bai yi wa King ba, a ganinsa an raba uban da tausayin da littafin ya ba shi. A 1997 ya rubuta nasa na talabijin, aka ɗauke shi a Stanley.

Duk da haka masu ziyara fim ɗin Kubrick suke zuwa nema. A 2015 aka shuka shingen itatuwa mai ɓatar da mutum a gaban otal ɗin, irin wanda Danny ya tsere wa ubansa a ciki, alhali babu shi a littafin King.