Shekaru Sittin Kafin Allurar Korona

Mai karatu, wataƙila ka ji ana cewa a Kaura Namoda ko Shinkafi wai dare ɗaya aka haɗa rigakafin korona. To, ga tarihinsa.

A 1961 masana suka gano mRNA, ɗan saƙon da ke kai umarni daga ƙwayoyin gado zuwa inda jiki ke ƙera furotin. A 1990, a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, aka yi wa ɓera allurarsa, tsokarsa kuwa ta ƙera furotin da aka nufa. Sai dai saƙon kan lalace da wuri, garkuwar jiki kuma ta ɗauke shi baƙo, ta tayar da kumburi.

Katalin Karikó da Drew Weissman na Jami'ar Pennsylvania suka warware matsalar. A 2005 suka nuna cewa gyara ɗaya daga cikin haruffan saƙon huɗu, wato yuridin, yana kwantar da garkuwar. A 2008 suka nuna furotin ma yana ƙaruwa. Bisa wannan aka gina allurar Moderna, wadda ta iso Najeriya a Agustan 2021. A 2023 suka sami kyautar Nobel.

Shakkun mutanenmu yana da tushe, domin Kano ba ta manta da gwajin maganin Trovan na 1996 ba. Amma ka sani, wannan saƙo ba ya taɓa ƙwayoyin gadonka, jiki yakan narkar da shi bayan ya isar da umarninsa. Idan kana da tambaya, ka kawo ta asibiti kafin ka ƙi allura.