Arlit, Garin Baƙi, da Dokar 2015

Arlit gari ne da baƙi suka gina. Kafin 1969 babu abin da ke wurin sai rairayi da duwatsu da Buzaye makiyaya masu ratsawa. Da kamfanin Somaïr ya fara haƙar uraniyom a 1971, Cominak kuma ya bi sahu a Akokan a 1978, sai ma'aikata da ƴan kasuwa suka yi ta kwararowa daga Damagaram da Maradi da Tawa, har da ƙasashen gaɓar teku. Sa'ad da farashin ma'adinin ya karye a shekarun 1980, mutane da yawa suka koma ga sana'ar da ta girmi ma'adinin: jigilar kaya da fasinja zuwa Tamanrasat.

A wancan zamani ba a ɗauki wannan aiki laifi ba. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba har kwana 90. Sai dai Aljeriya ba ta cikin ƙungiyar, saboda haka ƴancin yana ƙarewa ne a Assamaka, daga nan sai dabarar direba.

A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawar mutum 92 kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata. Motocinsu biyu sun taso daga Arlit suka lalace a sahara, ƙishirwa ta gama da su. Ya kamata mai karatu ya lura da ko su wane ne: akasarinsu ƴan yankin Kance ne na jihar Damagaram, talauci ya tura su bara a biranen Aljeriya. Ba su nufi Turai ba, watakila ma ba su taɓa ganin teku ba.

Amma haɗin gwiwar da ya biyo baya Turai ya fuskanta. Ranar 26 ga Mayu 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga mai safarar baƙin haure. Taron Valletta na Nuwamba 2015 ya kawo kuɗin Tarayyar Turai, daga 2016 kuwa aka shiga kama direbobi da ƙwace motoci, daga bisani ƴan sandan Faransa da Sipaniya suka zo aiki tare da na Nijar. Ba a musun cewa akwai azzalumai cikin masu jigilar, waɗanda suka cancanci hukunci. Amma dokar ba ta rarrabe tsakanin su da direban tasha da kowa ya san gidansa ba. Ƙaramin direba ya ajiye mota, kuɗin tafiya ya hau, masu ƙarfi suka buɗe hanyoyin da ke kauce wa rijiyoyi domin gudun jami'an tsaro. Wato an yi niyyar karya gungun masu laifi, sai aka bar musu kasuwar.

Tsakanin maƙwabtan biyu kuwa, abin da aka ƙulla shi ne mayar da mutane gida. Tun Disamba 2014 Aljeriya take maido da ƴan Nijar cikin ayarin motoci bisa fahimtar gwamnatocin biyu. Ƴan sauran ƙasashe, har da masu neman mafaka, akan sauke su ne a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kimanin kilomita 15 zuwa Assamaka, sannan a kai wasu sansanin hukumar OIM da ke Arlit.

An rufe Cominak a ƙarshen Maris 2021. Gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta soke dokar a Nuwamba 2023, Nijar kuma ta kammala ficewa daga CEDEAO a Janairu 2025. Korar dai ba ta tsaya ba: a ƙididdigar ƙungiyar Alarme Phone Sahara, sama da mutum 30,000 Aljeriya ta koro zuwa Assamaka a 2024 kaɗai.