Matan Fada Da Al'adar Sanar Da Mai Jira

A Argungu ba a faɗa wa ruwa da ka. Tun kafin a san wata gasar kamun kifi, Kabawa suna da Gyaran Ruwa, sannan Fashin Ruwa, wato ranar da Sarkin Ruwa ke ba da izinin buɗe su bayan an kame kogi wata da watanni. Masunci yana gida yana ɗinkin homarsa, amma ya san inda aka kwana. Da zarar ya ji an gyara ruwa, ya san fashi ya matso, sai ya fara duba gorarsa.

A 1934 ne wannan al'ada ta zama biki. Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama kuma ya shirya masa su na musamman. Ba ƙaramar ziyara ba ce. Gaba ce ta fiye da shekara ɗari ake binnewa, wadda ta samo asali tun 1805 da rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, Kabawa suka watse kafin daga baya su kafa sabuwar fada a Argungu.

Da su ya koma abin kallo, sai wata matsala ta taso. Aikin gaba ɗaya a ƙarƙashin ruwa ake yinsa. Dubban mutane sun cika gaɓar kogin Matan Fada cikin rana, ga manyan baƙi a rumfa, amma babu mai ganin abin da hannun masunci ke lalubowa a cikin laka. Sai aka yi wa kowane mataki alamarsa. Ƙarar bindiga ce ke cewa an fara, masunta su kwasa a guje su afka ruwa. Makaɗa suna zagayawa cikin jiragen ruwa, muddin ganga na tashi to aiki bai tsaya ba. Duk wanda ya danne giwan ruwa zai jawo ta bakin gaɓa, a ɗora a ma'auni a gaban kowa, a shelanta nauyinta, jama'a su riƙe lissafi da kansu. Haka aka ga kifi mai kilo 75 a 2005, aka ga mai kilo 78 a 2020, shekarar da bikin ya dawo bayan dogon hutu. Gasar kusan sa'a guda ce kacal, amma ba a barin mai kallo cikin duhu. UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya a 2016.

Masu ƙera manhajar kwamfuta sun yi karo da wannan matsalar a nasu fagen. Idan mutum ya danna tura kuɗi ko ɗora takarda, ba wayarsa ce ke yin aikin ba, wata babbar kwamfuta ce a can nesa, ita ma ba a ganin cikinta. A 1985 Brad Myers, wanda ya yi nazarinsa a Jami'ar Toronto da ke Kanada, ya gabatar da gwajin da ya yi da ɗalibai kan layin nan da ke cika a hankali yana nuna kashi nawa aka yi. Mafi yawansu sun zaɓi a nuna musu shi.

Sai dai layi mai gaskiya yana da tsada. Dole babbar kwamfutar ta riƙa aiko da rahoton matakin da ta kai, ko kuma wayar ta riƙa tambayarta lokaci zuwa lokaci. Da'irar da ke jujjuyawa kuwa zane ne kawai a fuskar waya. Ko aikin ya mutu tuntuni, ita tana nan tana juyi.

Mutanen Birnin Kebbi sun ɗanɗana kuɗarsu a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira. Kowa ya koma tiransifa, layuka suka cushe. Mai shago ya riƙe kaya, mai saye ya riƙe waya, kuɗi sun fita amma ba su shiga ba, mai POS kuma ba shi da abin faɗa sai babu netwok. Wasu sun sake turawa, aka cire musu sau biyu. Wasu sun yi cacar baki da maƙwabtan da suka shekara suna cinikayya. Jinkirin kansa da sauƙi, rashin sanin inda kuɗin suka maƙale ne ya fi cin rai.

Yanzu akwai matasa da ke koyon rubuta manhaja a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da Kwalejin Waziri Umaru, da jami'ar Aliero. Kira gare su shi ne kada su miƙa wa 'yan kasuwarmu da'ira mai juyi su ce sun gama. Su rubuta a allon, da Hausa, cewa an karɓi saƙo, ana tantancewa, kuɗi sun shiga. In kuma abin ya tsaya, su faɗi inda ya tsaya da lokacin da kuɗin za su dawo.