Daga Isawa Zuwa Wusasa: Asalin Hausawa Kiristoci na Farko

Almajiran Yesu na farko talakawan Galili ne. Bitrus da ɗan'uwansa Andarawus masunta ne, Matiyu kuwa mai karɓar haraji. A ƙasar Hausa ma, waɗanda suka fara bin wannan hanya ba baƙi ba ne. 'Ya'yan gida ne, da yawansu sun tashi da allo a hannu. Wanda ke jin ana sujada da Hausa a majami'un Utako da sauran unguwannin Abuja ya kamata ya san inda tushen abin yake.

Labarin ya faro daga Kano tun kafin zuwan Turawa. A zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, wani malami mai suna Malam Ibrahim ya duƙufa kan ayoyin Alƙur'ani da ke magana a kan Annabi Isa, har ya ɗaukaka matsayinsa fiye da yadda malaman birni suka yarda. Da ya ƙi janye koyarwarsa, aka kashe shi wajajen 1867. Almajiransa, waɗanda aka sani da Isawa, suka watse zuwa Ningi da ƙauyukan ƙasar Zazzau, suna noma, suna riƙe da abin da ya bar musu.

A 1900 ayarin mishan na CMS ƙarƙashin Bishop Tugwell ya isa Kano, Sarki Alu ya sallame su. Cikinsu akwai Likita Walter Miller, wanda ya zauna a birnin Zariya daga 1905, yana magani, yana koyar da yara, yana fassara Littafi Mai Tsarki. Shekaru suka shuɗe masu binsa ba su taka kara sun karya ba, sai a 1913 da wasu daga zuriyar Isawa suka neme shi da ƙafarsu. Suka kafa ƙauye a Gimi. Ba a daɗe ba ciwon barci ya afka musu, ya kwashe rayuka masu yawa, waɗanda suka tsira suka koma Zariya.

A 1929 aka fitar da mishan daga cikin ganuwar Zariya zuwa Wusasa. A nan magina Hausawa suka ɗaga majami'ar St Bartholomew da tubalin ƙasa, da azara, da bakan gizo irin na zauren sarauta. Makaranta da asibiti suka kafu a gefenta, kuma a 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa.

Ƙaramar al'umma ce, amma abin da ta ba Arewa ba kaɗan ba ne. Daga cikinta aka samu Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa kuma jagoran Jam'iyyar Mutanen Arewa. Da John Tafida, wanda ya rubuta littafin Jiki Magayi tare da Rupert East. Da Farfesa Ishaya Audu, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello a 1966. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya girma, inda mahaifinsa ke aikin bishara.

Waɗannan mutane suna da 'yan'uwan jini Musulmi, ana zumunci, ana haɗuwa a biki da makoki. Wajibi ne malaman tarihi da iyaye, Musulmi da Kirista, su koya wa matasa wannan labari, domin wanda ya san shi zai yi wuya ya kira maƙwabcinsa bare.