Baƙin Dutse a Cikin Lalle

Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya jagoranci masu hijira zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu. Da noman audugar Jazira ya kankama a 1925, ƙauyukan Hausawa suka yawaita. Matansu sun zo da al'adar ƙunshi, suka kuma tarar da irinta a Sudan.

Daga baya wani rinin gashi, PPD, wanda ake kira baƙin dutse, ya shiga kasuwanni. Ana cuɗa shi da lalle domin ya kama da wuri, ya yi baƙi wuluk. Arharsa ta mayar da shi guba a hannun wanda duniya ta yi wa ƙunci, ko mai mugun nufi. Tun shekarun 1980 likitocin Khartum suke bayyana illarsa: maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya toshe, fitsari ya yi duhu, ƙoda ta tsaya. Ba shi da makari. Waɗanda suka tsira sukan buƙaci wankin ƙoda, wasunsu kuma ƙodar ba ta komawa daidai. An ma samu ciwon ƙoda a jikin masu sana'ar ƙunshi da suka daɗe suna taɓa shi.