Filin Jirgin Garwa da Maƙwabtansa

Da shugabanni suka ce kowa ya kawo abin da za a sa a wannan fitowa ta bikin cikar shekara, sai na buɗe kabad ɗin ofis na ɗauko tsofaffin littattafan zama ina karantawa. Na san maganar duwan da shingayen hanya ce za ta fi yawa, kuma haka na tarar. Amma akwai wata magana da ke dawowa jefi-jefi tun a rubutun magatakardan da suka riga ni, wato maganar filin jirgin sama. Wani ya ce jirgi ya firgita masa shanu, wani ya ce bangon sitonsa ya tsage, wani kuma iyalinsa ba sa barci lokacin jigilar alhazai. Hausa ta haɗa abin a kalma ɗaya: jirgi ya yi ƙara, mutum ya kawo ƙara. Shi ya sa na ga ya dace in bi tarihin wannan fili, mu ga yadda muka zama maƙwabtansa.

Kafin jirgin sama, ƙofar Garwa ita ce Binuwai. In ruwa ya cika a tsakiyar damina, jiragen ruwa kan hauro daga Najeriya su biyo ta Yola da gishiri da siminti da man fetur, su koma da gyaɗa da auduga. 'Yan makonni ne kawai a shekara, duk wanda bai yi lodi a cikinsu ba sai baɗi. Yaƙin Biyafara daga 1967 zuwa 1970 ya datse wannan hanya, jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974 ya janye kaya zuwa Duwala, sannan madatsar Lagdo da aka gama a 1982 ta sauya tafiyar ruwan. Tashar jirgin ruwa ta yi ta ja da baya, mu kuma iyayenmu suka koma kan manyan motoci da kwalekwale.

A wannan tsakanin ne aka ɗaga darajar filin jirgin sama. Shugaba Ahmadu Ahijo ɗan Garwa ne, a nan aka haife shi a 1924, kuma a zamanin mulkinsa garin ya samu filin jirgi na ƙasa da ƙasa mai titi da ya haura mita 3,000. Akwai masu cewa son kai ne kawai ya sa aka yi wa gari irin namu titi mai wannan tsawo. Ban ce babu siyasa a ciki ba, amma akwai dalilin da duk direban babbar mota zai gane. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa kan wuce digiri 40. Iska mai zafi ba ta da kauri, injin ba ya samun ƙarfinsa, fukafukai ba sa ɗaukar nauyi da wuri, don haka jirgi mai cikakken lodi yana bukatar doguwar hanya kafin ya ɗaga. In ya ɗaga ɗin ma ba ya hawa sama da sauri, sai ya daɗe ƙasa-ƙasa a kan duk abin da ke gaban titin. A lokacin da aka shimfiɗa shi, abin da ke gabansa yawanci gonaki ne da makiyaya.

Filin ba na farar hula kaɗai ba ne. A jikinsa sansanin sojan sama na 301 yake, inda aka ajiye jiragen yaƙi ƙirar Alpha Jet tun shekarun 1980. Dattawa sun ce yara kan bar wasa su toshe kunne in suna atisaye. Kamfanin Cameroon Airlines, wanda aka kafa a 1971, shi ke haɗa mu da Yawunde da Duwala da jiragen Boeing 737 na farko-farko, masu siririn inji da tsananin ƙara. Ɗaya daga cikinsu ne ya kama wuta a Duwala ranar 30 ga Agusta 1984 yana shirin tashi zuwa Yawunde da Garwa, mutum 2 suka rasu. Kamfanin ya durƙushe a 2008, Camair-Co ya gaje shi a 2011. Kula da filin yana hannun ADC, hasumiyar da ke ba jirage umarni kuma ta ASECNA ce, hukumar haɗin gwiwar ƙasashen Afirka da aka kafa tun 1959. Na faɗi wannan ne domin 'yan uwa kan ce mini "rubuta wa masu filin jirgi", alhali mai kula da gini daban, mai kula da sama daban, soja kuma daban.

A duniya ma an daɗe ana fama da ƙarar jirage. Hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, ta fara kafa ƙa'idar ƙara a 1971, ƙasashen Turai kuma suka hana irin waɗancan tsofaffin jirage sauka a filayensu daga Afrilun 2002. A 2001 hukumar ta amince da hanyoyi huɗu na rage matsalar: a ƙera injuna marasa ƙara, a gyara yadda jirgi ke tashi da sauka, a taƙaita zirga-zirga in ya zama dole, sannan a tsara ƙasar da ke kewaye da fili don kada gidaje su matso. Ukun farko aikin injiniyoyi ne da hukumomi. Na huɗun shi ne ya shafe mu, kuma a nan ne littattafanmu suka nuna mini abin da ban so gani ba.

Gaskiyar magana, jiragen da ke sauka Garwa ba su da yawa. In ka cire lokacin aikin hajji, sai a yi awoyi ba ka ji motsin jirgi ba, kuma na yanzu ba su kai na da ƙara ba. Amma koke-koken da ke cikin littattafanmu ƙaruwa suka yi maimakon su ragu. Titin jirgi yana nan inda aka shimfiɗa shi. Gari ne ya tashi ya je ya same shi. Sodecoton da aka kafa a 1974 ta jawo ma'aikata, fari ya koro mutane daga arewa, daga baya rikicin Boko Haram ya ƙaro wasu. Fili ya yi tsada a tsakiyar gari, sai kowa ya nufi gefe, kuma babu gefen da ya kai na filin jirgi araha. Ɗan kasuwa mai neman inda zai ajiye buhunan masara ko jarkokin mai, ko ya tsare shanu kwana biyu kafin mota ta samu, ba ya tambayar dalilin arahar.

Kano ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. Can ma a wajen gari aka yi filin jirgi, birni ya zo ya kewaye shi. Ranar 4 ga Mayu 2002, da rana tsaka ana zafi, jirgin kamfanin EAS ya kasa hawa sama bayan tashinsa, ya faɗa kan gidaje a unguwar Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka rasu, da dama daga cikinsu suna cikin gidajensu ne, ba su sayi tikiti ba, ba su yi niyyar tafiya ko'ina ba. Allah Ya jiƙansu. Da yawa daga cikinmu muna sauka a wannan yanki in mun je sarin kaya Kantin Kwari ko Dawanau, mun san yadda gidajen suke a cushe. Wanda jirgi ke wucewa daidai kan rufinsa har kwanon ɗaki yana rawa, to ya sani yana kan layin da jirgi ke bi ne, kuma yawancin haɗurran jirage wajen tashi da sauka suke faruwa.

Haɗarin kuma ba daga sama kaɗai yake saukowa ba, wani daga wajenmu yake shiga. A Yulin 2005 jirgin Air France da ya taso daga Faris ya afka cikin garken shanu a kan titin filin jirgin Fatakwal. Allah Ya kiyaye ba a rasa ran mutum ba, amma jirgin ya lalace. Mu da muke sayen dabbobi a Adumri da Pitowa mun san halin saniya in ta hango ɗanyar ciyawa a bayan waya, mun kuma san halin yaron kiwo in ya ga gajeriyar hanya. Haka bola da wurin yanka: suna tara shirwa da ungulu da balbela, tsuntsu ɗaya kuma in ya shiga inji ya isa ya kashe shi. Shi ya sa ƙa'idar duniya ta ce a sa ido kan duk abin da ke tara tsuntsaye har nisan kilomita 13 daga fili. Ga ƙonen daji da rani, hayaƙi ya haɗu da hazon hunturu matuƙi ya kasa ganin titi. Hazo na cikin abin da ya haddasa haɗarin alhazai a Kano ranar 22 ga Janairu 1973, inda mutum 176 suka rasu.

Daga 2015 lamarin ya ƙara tsauri. A watan Oktoba na shekarar Shugaba Obama ya ba da sanarwar turo sojojin Amurka har 300 zuwa Kamaru, aka sauke su a Garwa da jirage marasa matuƙa masu leƙen asirin Boko Haram. Gefen waya ya zama wurin tsaro, mai yankewa ta nan da babur ko da garke ya fara gamuwa da tambayoyin da bai saba ji ba. Sai gasar cin kofin Afirka a Janairun 2022, da aka yi wa filin kwaskwarima, Najeriya ta ci Masar 1 da 0 a Rumde Ajiya, baƙi suka cika gari, masu masauki da masu abinci a cikinmu suka samu rabonsu. Duk lokacin da aka waiwayi filin da gyara irin wannan, akan waiwayi iyakarsa ma.

A nan ne wani ɗan uwanmu ya yi asara, kuma da izininsa nake faɗa ba tare da suna ba. Wani dillali ya kai shi wani fili a wancan gefen, ya nuna masa takardar cinikin hannu mai shaidu biyu, ya ce kowa a layin haka ya saya. Ya biya, ya gina sito. Bayan shekara biyu ya zo ofis yana so in rubuta masa takardar koke kan tsagewar bango. Da na ce ya kawo takardar mallakar fili in haɗa, sai ya miƙo mini waccan ta hannu. Na ce masa, "Alhaji, in na rubuta wannan koke, kanka za ka kai ƙara." Da aka bincika a ofishin safiyo, rabin siton yana cikin ƙasar filin jirgi, wadda ta gwamnati ce, ba ta sayuwa, kuma ginin da aka yi a kanta ba izini ba a sa ran diyyarsa. Ya kwashe kayansa da kansa kafin a ce ya kwashe. Dillalin kuwa lambarsa ba ta shiga har yau.

A ganina ƙungiya ba ta da ikon rage ƙarar jirgi, kuma ba na son mu riƙa yi wa mambobi alkawarin abin da ba mu iyawa. Abin da muke iyawa shi ne duba takarda kafin kuɗi su fita, da jan kunnen yaran da ke kora mana dabbobi, da hana zubar da shara da ajiye man fetur a jikin waya. Na roƙi shugabanni a sa wannan a ajandar babban taro mai zuwa. Kafin nan, duk wanda aka yi wa tallan fili a wancan gefen ya biyo ofis da takardun, ina nan kullum daga safe zuwa la'asar ban da Juma'a, sai mu je ofishin safiyo tare.