Tsibirin Gobir, garin da masu gudun yaƙi suka kafa

Duk wanda ya ɗauki kaya daga Maraɗi ya nufi Ƙwanni ko Yamai, kafin ya gama gyara zama a mota ya iso Tsibiri, don tsakaninsu kimanin kilomita 10 ne. Yawancinmu wucewa muke yi, sai dai in taya ta yi faci ko sallah ta kama mu. A wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu mun ga ya dace mu yi zango a can, saboda da yawa daga cikin mambobinmu Gobirawa ne, wasu da katin Nijar a aljihu, wasu da na Najeriya, kuma labarin yadda aka yi haka yana cikin labarin wannan gari. Faransawa sun rubuta sunan Tibiri, kuma akwai wani Tibirin a wajen Dogon Dutsi, ƙasar Arawa. Wanda ya taɓa aika kaya suka sauka a wancan ya san bambancin. Namu shi ne na bakin Gulbin Maraɗi.

Gobirawa sun daɗe suna ƙaura kafin su zo nan. Tarihinsu ya nuna daga Azbin suka gangaro kudu, suka zauna a Birnin Lalle, sannan a tsakiyar ƙarni na 18 Sarki Babari ya ci Zamfara da yaƙi ya gina Alƙalawa a cikin ƙasarta. A Alƙalawa Bawa Jan Gwarzo ya yi zamaninsa, kuma can ne rundunar jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ta ci a 1808, aka kashe Sarki Yunfa. Waɗanda suka ƙi miƙa wuya sun shafe kusan shekara 30 ba su da birni tsayayye, yau suna nan gobe suna can. A 1836 suka haɗa kai da Katsinawan Maraɗi da wasu Abzinawa, suka kara da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Gawakuke. Ranar ba ta yi musu kyau ba. Sarkin Gobir Ali ya faɗi a fagen, Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda ma ya faɗi.

Waɗanda suka tsira daga Gawakuke su ne suka kafa Tsibiri. Ba da jimawa ba sarauta ta koma hannun Mayaƙi, shi kuma da taimakon Ɗan Mari, wanda ya gaji Rauda, ya zaɓi wuri a kwarin gulbi kusa da Maraɗi. Dalilin zaɓin a fili yake. Akwai ruwa kusa, akwai fadama ta noma da kiwon dawaki, kurmin kwarin yana tare mahaya, ga kuma maƙwabci mai irin ciwonka wanda in an buga tambari zai ji. Katsinawan Maraɗi su ma korarru ne, sun baro Birnin Katsina tun farkon jihadi. Haka gidajen sarauta biyu na Haɓe suka zauna kafaɗa da kafaɗa, kowanne yana kiran kansa da sunan ƙasar da ya rasa. Har yau ba a cewa Sarkin Tsibiri, Sarkin Gobir ake cewa. Sun taho da sarautun fadarsu, har da ta Inna, macen gidan sarauta da ke da babbar murya a fada kuma take shugabantar ƴan bori. Sun taho da zanen fuskarsu, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, wanda ko a kasuwar Ibadan Bayarabe ya hango sai ya taso da wasan taubasantaka.

A nan akwai abin da ya kamata mu ƴan kasuwa mu faɗa ba tare da kwana-kwana ba. Tsibirin wancan zamani sansanin yaƙi ne, kuma fatake sun sha wuya a hannunsa. Da rani mahayan Gobir da na Maraɗi kan fita hari cikin ƙasashen da ke bin Sakkwato, su kwaso shanu da mutane. Ayarin da zai bi dajin Gundumi zuwa Wurno da Sakkwato ba ya yada zango a ciki. Tafiya ake yi dare da rana har a fita, wanda ya gaji a bar shi. Baturen Jamus Heinrich Barth ya bi wannan daji a 1853 kuma ya rubuta irin tsoron da ya gani a fuskar abokan tafiyarsa. Abokinsa Overweg kuwa ya shiga Maraɗi da Gobir da ƙafarsa a 1851. Idan muka tuna kakanninmu da jarunta, to mu tuna cewa madugun da aka tare a Gundumi shi ma kakan wani ne a cikinmu.

Rabuwar da ta fi shafarmu ta zo wajen 1860. Rikicin sarauta ya tashi a cikin gida, Ɗan Halima ya kwashe magoya bayansa ya yi sulhu da Sakkwato, ya koma yamma kusa da tsohon kufan Alƙalawa ya kafa Sabon Birni. Tun daga lokacin Gobir ta zama gida biyu, ɗaya yana gaba da Sakkwato, ɗaya yana ƙarƙashinta. Abin lura shi ne gulbi ɗaya ke shayar da su. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya bi ta Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sannan ya karkata ya koma Najeriya ta wajen Sabon Birni ya shiga Rima. Sau biyu yake ƙetare iyaka, ba duwan ba kwastan.

Turawa sun zo sun tarar da wannan tsaga, suka dasa duwatsunsu a kanta. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, kuma a takarda Tsibiri da Maraɗi sun faɗa ɓangaren Ingila. Sai Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu daga kogin Kwara zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyin da za su ɗauki ayari. Suka koma teburi, aka sake zane a 1904 da 1906, aka tura layin kudu. Tsakanin 1906 da 1908 Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamomi har tafkin Cadi. Da haka Tsibiri ya zama na Faransa, Sabon Birni na Ingila. Da ba don ƙishirwar raƙuman Faransawa ba, da wataƙila yau naira ake kashewa a kasuwar Tsibiri, ba sefa ba.

Mulkin mallaka ya kashe hari, kuma da mutuwar hari garin ya rasa sana'ar da aka gina shi a kanta. Faransawa suka zaɓi Maraɗi ta zama mazaunin kumandan da kantunan kamfanoninsu. Bayan ambaliyar 1945 ta rushe tsohuwar Maraɗi aka sake gina ta a kan tudu da tituna miƙaƙƙu, daga nan ta yi wa maƙwabciyarta nisa. Gyaɗa ce ta kawo kuɗi. Manoman ƙasar Gobir suka noma, ƴan baranda suka auna, buhuna suka bi ta Jibiya da Katsina zuwa jirgin ƙasa a Kano, daga baya wasu suka bi ta Paraku zuwa Kwatano. A 1962 gwamnati ta kafa SONARA ta riƙe cinikin. Farin 1973 da cutar da ta biyo bayansa suka karya gyaɗar, Alhazan Maraɗi suka juya ga atamfa da taba da shinkafa masu wucewa Najeriya. Tsibiri ya tsaya a matsayin garin manoma da fada, gero da wake da aya da jan akuya. Ƴaƴansa masu son kasuwanci suka buɗe shaguna a Maraɗi, ko suka bi dangi zuwa Sabon Birni da Isa da Shinkafi. Darajar fadar dai ba ta faɗi ba, kuma a 2010 gwamnatin Nijar ta ɗaga Sarkin Gobir zuwa matsayin sultan.

Rufe iyaka kuwa mun gan shi da idonmu har sau uku. Na 1984 zuwa 1986 ya haɗu da fari, har mutane suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan El Buhari. Na Agustan 2019 ya kai Disamban 2020. Na uku ya biyo juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. Kowane karo dabbobi sun faɗi a wannan gefe, hatsi da mai sun tashi, albasa ta ruɓe a mota, bashi ya hau kan mutanen kirki. Amma kowane karo akwai wanda ya san wata hanyar jaki ta bi ta gonar kawunsa, kuma biki da ta'aziyya ba su tsaya ba.

Abin da takardar gwamnati ta kasa yi, ƴan bindiga suna neman yi. Tun 2019 dubban mutane daga ƙasar Sabon Birni da Isa suka tsallako suka sauka a ƙauyukan Gidan Runji da Gidan Sori da Tsibiri, akasari mata da yara. Kafin a kafa musu matsuguni a Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori, talakawan ƙauyukan ne suka buɗe musu zaure da rumbu. Da yawansu jikokin waɗanda suka bi Ɗan Halima ne, sun dawo inda kakanninsu suka baro, ta hanyar da kakannin suka bi. A Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo ana tsakiyar ciniki. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi a kan hanya.

A cikinmu akwai waɗanda suka gaji cin kasuwannin gabashin Sakkwato daga iyayensu, kuma yau sun shekara ba su taka can ba. Kaya sai su zagaya ta Ɗan Isa da Jibiya, ko ta Ƙwanni da Illela, kuɗin mota ya ninka, dillalin da aka saba da shi ya tashi daga garinsu, bashin da ke hannunsa ba a san ranar karɓa ba. Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, aikin da aka ƙaddamar a 2021, kuma muna fatan ganin ranar da zai ɗauki wakenmu. Sai dai layin gabas ya bi. Hanyar yamma, wadda ke bin gulbi daga Tsibiri zuwa Sabon Birni, har yanzu babu direban da ke son a yi masa lodinta bayan la'asar.